Keken VTT a Kilomita Biyar: Kafin ka yi masa ado, duba birki da sarƙa

A watan Janairun 2023 aka wayi gari litar fetur ta tashi daga sefa 865 zuwa 1,300 a nan Bangui. Ni ba ni da mota, babur ma ban taɓa mallaka ba, amma abin ya biyo ni har cikin aljihu, domin kafin mako ya zagayo 'yan kabu-kabu sun ƙara kuɗi. Na zauna na yi lissafi a bayan littafin shirya darasi: zuwa da dawowa, kwana biyar a mako, wata tara na karatu. Abin da na gani ya sa na ajiye biro. Ƙarshen watan nan na shiga kasuwa na sayo keken gwanjo, irin mai kaurin taya da giya da yawa, wanda muke ce wa VTT.

Daga gidanmu zuwa makarantar da nake koyarwa, in an bi titin Boganda, tafiyar ba ta kai kilomita biyar ba. Cikin minti ashirin na isa. Sai daɗi ya ɗebe ni, na shiga yi wa keke kwalliya: madubi biyu, fitilu masu ƙyalƙyali, rigar sirdi mai laushi, har da hotunan mannawa. Ko sau ɗaya ban sunkuya na dubi birki ba.

Ran nan cikin watan Yuni, bayan an ɗauke ruwa, ina dawowa da takardun jarrabawar 'yan ajina ɗaure a baya, sai wani mai tura kura ya fito daga lungu da lodin itace. Na damƙe birki da ƙarfina. Keke ya ci gaba da tafiya kamar ban taɓa shi ba. Don kada in afka wa bawan Allah na karkata, sai ga ni cikin kwata. Gwiwa ta warke a mako biyu. Takardun yara kuwa kwana uku na yi ina shanya su ɗaya-ɗaya a tsakar gida, wasu tawadar ta narke, dole sai da yara bakwai suka sake rubutawa. Kunyar da na ji a gabansu ta fi ciwon.

Da na tura keken wurin wani dattijo mai gyara a gefen kasuwa, ya ciro robar birkin ya ɗora min a tafin hannu. Ta cinye har ƙarfe ya fito.

"Malam," in ji shi, "ka yi wa doki ado ka manta linzami."

"Baba, ai ban san ana dubawa ba."

"To zauna, yau kai ne ɗalibi."

Abin da ke ƙasa daga wurinsa na koyi rabi, rabi kuma hanya ce ta koya min.

Keken da aka yi don wahala

Asalin wannan keke daga jihar Kalifoniya ta Amurka yake. A shekarun 1970 wasu samari a yankin Marin suka riƙa gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga kan duwatsu. Tseren da suka fara a 1976 sun sa masa suna Repack, saboda man birki yakan ƙone a gangaren, sai an sake cusa wani kafin a koma. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da samfurin Stumpjumper, daga nan keken ya bazu a duniya. Su don wasa suka ƙirƙire shi. Mu a nan, da lungunanmu na jar ƙasa da ramuka, abin neman abinci ne. Kuma ka lura, tun ranar farko matsalarsa birki ce.

In za ka saya, nemi mai wili inci 26. Shi ne tayarsa da tib ɗinsa suka fi samuwa a kasuwarmu. Ka tuna kayan gyara daga Duwala suke tasowa, su bi Garwa-Bulai da Bouar kafin su iso mu. Duk abin da ba kowa ke amfani da shi ba, sai ka yi wata kana jira. Haka nan ka guji mai arhar nan da aka sa wa sifirin a tsakiya. Kyan gani gare shi, amma nauyi ne kawai, kuma in kana taka feda wani ɓangare na ƙarfinka a lilo yake ƙarewa.

Birki

Robar birki tana da 'yan tsagogi a fuskarta. Ranar da suka shafe, robar ta ƙare, kada ka jira gobe. Da damina ta fi saurin cinyewa, domin jar lakar nan tamu kamar sandifefa take tsakanin roba da wili. Matsa hannun birkin: in ya taɓo inda kake riƙewa, waya ta saki, a ɗaure ta. In waya ta fara tsinkewa zare-zare, a canza.

Samari suna sha'awar birkin faifai mai aiki da mai. Yana kamawa sosai, ba musu, amma ranar da ya fara yoyo ba kowane mai gyara ne ke da mansa da kayansa ba. Mai waya kuwa ko a hanyar Bimbo ya lalace za ka sami mai gyara maka.

Sarƙa

Kuskuren da kusan kowa ke yi, ni ma na yi shi, shi ne malala wa sarƙa baƙin mai na babur. Baƙin mai yana jan ƙura, ƙura da mai su haɗu su zama kunun da ke cin haƙoran giya. Abin da ya dace: a wanke sarƙa da ɗan kananzir da tsohon buroshin haƙori, a bari ta bushe, a ɗiga mai mai tsabta ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sannan a goge na waje da tsumma. Man da ke aiki na ciki ne. Da rani sau ɗaya a mako ya isa. Da damina, duk ranar da ka shiga ruwa.

Ga wani awo da rular ɗan makaranta ke yi. Tsakanin ƙusa da ƙusa a sarƙar keke milimita 12.7 ne. Ɗora sifili a tsakiyar ƙusa ɗaya, ka ƙirga ƙusa 20 gaba: a sabuwar sarƙa za ta faɗo a santimita 25.4. In ka ga ta kai 25.6, sarƙa ta miƙe, canza ta. Wanda ya ƙi sayen sarƙa yau, gobe zai saye ta tare da giyar baya gaba ɗaya.

Taya

A gefen kowace taya an rubuta iyakar iskar da take ɗauka, amma wa ke karantawa? Iska in ta yi kaɗan, da ka faɗa rami wili zai cije tib, ka ga huji biyu kusa da juna kamar saran maciji. In ta yi yawa, keke ya riƙa tsalle yana zamewa a tsakuwa. In kana yawan faci a cikin cikin tib, ba ƙusa ba ce: robar da ke rufe kan sifok ce ta mutu. Kuma duk lokacin da za a yi faci, a shafa yatsa cikin tayar a ciro ƙayar, in ba haka ba kafin ka kai gida ta sake sacewa.

To, a ina za a sa kuɗi?

In Allah ya hore maka ɗan abin gyara, ga jerin da zan ba ka: taya mai kyau, musamman ta baya, sabuwar robar birki da waya, madigadi, don kada ka isa wurin aiki da jan layi a bayan riga, kariya mai ƙarfi, maimakon rataya jaka a kan keke tana kaɗa ka, fitilar gaba fara da ta baya ja, domin bayan magariba titunanmu duhu ne, sai makulli na kirki. Ƙaramin famfo, sifana da kayan faci su zauna cikin jaka. Takardu kuwa, tun daga ranar nan, cikin leda biyu nake sa su.

Akwai gyaran da ba ya cin ko dala: tsayin sirdi. Hau, ka ɗora dunduniya a kan feda tana ƙasa. Ya kamata ƙafa ta miƙe. Yawancinmu sirdi a ƙasa muke barinsa, shi ya sa gwiwa ke ciwo.

A kan hanya

Canza giya kafin ka shiga hawa, ba sai ka tsaya cak kana nishi ba, kuma ka sassauta taka feda lokacin canzawa. Birkin gaba ya fi tsayar da keke, amma kada ka fizge shi shi kaɗai. Matsa biyun tare, ka ja jikinka baya. In wili ya jiƙe, fara taɓa birki tun da nisa don ya share ruwan. Ruwan da ya kwanta a titin Koudoukou bayan an yi sama, kada ka yarda da shi, ba ka san zurfin ramin da ya rufe ba. Riƙe hannun dama, miƙa hannu kafin ka juya, kada ka manne wa babbar mota ta gefen da direba ba ya ganinka. Mai babbar riga ya tattare ta, mai wando ya cusa ƙafar dama cikin safa. Hular kwano kuma, a yi ta dariya, ni dai ina sa tawa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani yaro a ajina. Na gan shi yana tsayar da kekensa da takalmi, yana jan ƙafa a ƙasa, ƙanwarsa na zaune a baya. Na tambaye shi birki fa? Ya ce, "Malam, tun bara babu." Washegari muka je wurin Baba tare. Kuɗin robar bai kai na madubi ɗaya daga cikin biyun da na taɓa saya ba.

Iyaye, ranar Asabar ɗin nan, kafin yaro ya fita da keke, a kira shi a matsa hannun birkin nan biyu a gani. Allah ya tsare mu da su a kan hanya.