Lissafin Firamare a Bakin Rumbu

'Yan'uwa manoma na Tungar Guru, lissafin nan da yaranmu ke kokawa da shi a aji biyar, shi ne ke jiranmu ran sayen taki da ran rabon amfani.

Ku dubi buhun taki mai kilo 50. In an rubuta 15-15-15, lambar farko tana nufin kashi 15 cikin ɗari naitirojin ne, abincin ganye, wato kilo 7 da rabi. Buhun yuriya kuwa kashi 46 ne, kilo 23 ke nan. Ashe naitirojin na yuriya ɗaya ya ɗara na NPK uku. Amma kada wani ya ruga kasuwar Gummi ya kwaso yuriya zalla, gama ba ta da fosfaras da fotash, saiwa da ƙwaya kuwa suna bukatarsu.

Rabo ya fi wuya, nan zumunci kan tsinke. A ce mutum uku sun noma gonar ƙungiya, wannan kwana 6, wannan 4, wancan 2, Ubangiji ya ba da dawa dami 40. A fid da zakka tukuna, ɗaya bisa goma, dami 4. Saura 36. A tara kwanakin, sun zama 12, kowace rana ta ci dami 3. Na fari 18, na biyu 12, na uku 6.

Wasu sukan ce a raba sulusi-sulusi, dami 12 kowa, don zaman lafiya. To, mai kwana 6 zai yi shiru bana, amma baɗi ba za ku gan shi da fartanya ba.