Injiniyan kwangila a gyaran jiragen ruwa

Daga 1 ga Janairun 2020, hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, ta rage yawan farar wutar da aka yarda da ita a man jirgi daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari. Masu jirage da yawa suka zaɓi saka na'urar wanke hayaƙi maimakon sayen mai mai tsada.

Tsohon jirgi ba shi da gurbin wannan na'ura. Sai an ɗauko injiniya ya auna ɗakin inji, ya zana sababbin bututu da famfuna a kwamfuta, sannan kamfanin tantancewa irin DNV ya amince da zanen. Aikin 'yan watanni ne, shi ya sa ake bayar da shi kwangila. Amma aiki ne mai nauyi ƙwarai, domin bututu ɗaya da bai shiga gurbinsa ba yana iya tsayar da jirgi a tashar gyara, mai shi yana tafka asara kullum.