Tafiya Biyu Cikin Tafiya Guda

Kadan ka tambayi yaron makaranta huɗu da uku nawa ne, kafin ka rufe baki zai ce maka bakwai. Da gaskiyarsa kuwa, in awaki a ke ƙirgawa ko buhunan gero. Amma akwai inda huɗu da uku su kan ba da biyar, wani lokaci ma ɗaya tak. Malamin da bai gane haka ba, ran da ya kai darasin motsi sai ya cika allo da lissafi, yara su haddace, a tashi babu wanda ya san abin da a ke nufi. To, ga bayanin abin tun daga tushe.

Awo iri biyu

Abubuwan da mu ke aunawa iri biyu ne. Akwai waɗanda adadi kaɗai ya ishe su, kamar mudu goma na dawa, ko awa biyu. Ba wanda zai tambaye ka awa biyu ta gabas ko ta yamma. Akwai kuma waɗanda ba su cika sai an faɗi inda suka nufa. In ka ce wa baƙo kasuwa kilomita biyu ce daga nan, ba ka gama taimakonsa ba sai ka nuna masa wajen da za ya bi. Haka gudun iska ya ke, haka kuma ƙarfin da jaki ya ke jan kaya da shi.

Irin wannan awo mai alƙibla shi masana su ke kira bekta. Wani malamin lissafi na ƙasar Ailan, Hamilton, shi ya yaɗa sunan cikin shekarun 1840. Mu a aji mu kira shi kibiya, don da kibiya a ke zana shi. Tsawon kibiyar shi ne yawan abin, tsininta kuwa ya nuna inda ya nufa.

Ga yadda a ke tara kibau. Ka fita da yara fili, ka kafa turke. Ka sa yaro guda ya tashi daga turken ya auna mita 4 gabas, sa'an nan ya juya arewa ya auna mita 3, ya tsaya. Ƙafarsa ta taka mita 7, amma kadan aka miƙa igiya daga turke zuwa inda ya ke tsaye, mita 5 za a samu. Dalili ke nan: 4 sau 4 sha shida ne, 3 sau 3 tara ne, jimla 25, watau 5 sau 5. Wannan ita ce ƙa'idar da a ke jingina wa Fitagoras, da ita kuma magina su ke daidaita kusurwar ɗaki. Da yaron ya ƙara mita ukun nan gabas, da igiya ta ba da 7. Da ya komo yamma da su, da 1 ta ba da. Ashe huɗu da uku suna iya ba da kome tsakanin ɗaya da bakwai, ya danganta ga alƙibla.

Mai fito da ƙarfin ruwa

Wanda ya taɓa zama bakin Binuwai a Makurɗi, ko bakin Kwara a Lakwaja, ya ga yadda masu kwalekwale su ke ƙetare ruwa. Mu ɗauka wani wuri faɗin kogi mita 400 ne, mai fito yana iya tuƙa kilomita 4 cikin awa a ruwan da ke kwance, kogin kuwa yana gangarawa kilomita 3 cikin awa.

Kadan ya saita goshin jirgi tsaye zuwa wancan gaɓa, tafiya biyu ya ke yi lokaci guda. Filafili yana kai shi ƙetare, ruwa yana jansa gangare. Minti 6 za ya yi ya isa, cikin minti shidan nan ruwa ya gangara da shi mita 300. Mai kallo daga tudu zai ga jirgin ya bi karkatacciyar hanya ta mita 500.

Ka lura da wannan da kyau, don shi ne kan magana. Ko ruwan a kwance ya ke, minti 6 ɗin nan za ya yi. Ko ruwan ya ninka gudu, minti 6 ne dai, sai dai ya sauka mita 600 ƙasa da inda ya nufa. Gudun kogi bai ƙara masa lokacin ƙetarewa ba, bai kuwa rage ba. Kowace tafiya tana harkarta, ba ruwanta da 'yar'uwarta.

To, in yana so ya sauka daidai tashar da ke fuskantarsa fa? Tilas ya karkata goshin jirgi wajen da ruwa ya ke fitowa. Mu ce ya sami mataimaki, gudunsu ya kai kilomita 5 cikin awa. In suka karkata wajen digiri 37, kibiyar nan mai 5 ta rabu biyu: 3 ta tafi wajen kashe ƙarfin ruwa, 4 ta rage ta ƙetarewa. Nan ne kuma lissafi ya ke gargaɗi. Lokacin cikar ruwa, wajen Satumba, in gudun kogi ya fi ƙarfin masu tuƙi, babu karkatar da za ta kai su tashar da ke fuskantarsu. Dabara ɗaya ce, su bi gefen gaɓa inda ruwa ba shi da ƙarfi, su haura sama tukuna, sa'an nan su yanka. Masu fito sun san wannan tun kaka da kakanni ba tare da allo ba.

Jifa

Hausawa sun ce kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Wanda ya fara lissafa yadda ya ke faɗowa daidai shi ne Galiliyo, mutumin Italiya, wanda aka haifa a 1564, ya rasu a 1642. Cikin littafinsa na ƙarshe, wanda aka buga a ƙasar Holan a 1638, ya nuna cewa dutsen da aka jefa tafiya biyu ya ke yi shi ma, ɗaya gaba, ɗaya ƙasa.

Tafiyar gaba ba ta sakewa, gudun da dutse ya bar hannu da shi da shi ya ke ci gaba, in an ɗauke tokarar iska. Tafiyar ƙasa kuwa ƙaruwa ta ke yi, don ƙasa tana jansa. Abin da aka saki ya kan faɗi kimanin mita 5 cikin daƙiƙa ta farko, bayan daƙiƙa biyu ya yi mita 20, bayan uku mita 45.

Mu ce mutum yana kan dutse mai tsawon mita 20, ya jefa tsakuwa a miƙe, ba sama ba ƙasa, da gudun mita 10 cikin daƙiƙa. Bayan daƙiƙa guda ta yi mita 10 gaba, mita 5 ƙasa. Bayan biyu ta yi mita 20 gaba, mita 20 ƙasa, ta dira. In ka ɗiga waɗannan wurare a allo ka haɗa su, za ka ga lanƙwasar nan da kowane jifa ya ke yi. Da ya saki wata tsakuwa kurum lokacin da ya jefa ta farin, tare za su dira. Da ya ninka ƙarfin jifan, daƙiƙa biyun nan dai za ta yi, sai dai ta faɗi mita 40 gaba. Labarin mai fito ke nan ya komo.

Galiliyo ya kuma tabbatar da cewa a shimfiɗaɗɗen fili jifa ya fi nisa in ya tashi kan digiri 45, kuma jifan digiri 30 da na 60 wuri guda su kan faɗi in ƙarfinsu ɗaya ne. Amma fa ka gaya wa yara iyakar wannan lissafi. Abu mai nauyi ya ke yi wa aiki sosai, kamar dutse ko dalma. Takarda da gashin kaza iska ce ta ke wasa da su.

Abin da za a gwada a aji

Gani ya kori ji. Ka sami murafan kwalba biyu ka ajiye a bakin tebur. Da rula guda ka doke su lokaci ɗaya, yadda ɗaya za ya zame ya faɗi nan gindin tebur, ɗaya ya yi tsalle can nesa. Ka sa yara su rufe ido su kasa kunne. In bugun ya yi daidai, ƙara guda za su ji. Tebur mai tsawon santimita 80 ƙasa da rabin daƙiƙa faɗuwar za ta ɗauka, saboda haka kunne ya fi ido amfani a nan.

Sa'an nan ka ajiye kwano a fili, ka sa yaro ya zo da gudu da tsakuwa a hannu, ya sake ta ba tare da ya jefa ba. In ya bari sai hannunsa ya zo bisa kwanon, tsakuwa za ta wuce, don ta ɗauko gudunsa. Sai ya saki tun bai iso ba za ta faɗa ciki. Kada ka yi gaggawar faɗa musu dalili. Ka fara tambayarsu inda su ke tsammani za ta faɗi, kowa ya faɗi nasa, a gwada, sa'an nan ka ɗauki alli ka zana kibau biyu.

Ga kuma aiki ga masu karatu. Jirgin sama ya saita goshinsa arewa sak yana gudun kilomita 240 cikin awa, iska kuwa tana busowa daga gabas kilomita 100 cikin awa. Bayan awa guda, kilomita nawa ne tsakaninsa da inda ya tashi, kuma ta wane waje ya kauce? A zana kibau tukuna kafin a taɓa lissafi.