Ko Ka Sani? Lasifikar Masallaci Ta Fi Sipikar Masu Kuɗi Tattalin Wuta

Daga cikin wutar lantarkin da ake tura wa sipikar gida, komai tsadarta, abin da ke zama sauti bai cika wuce kashi 1 cikin 100 ba, sauran kuwa zafi yake zama a cikin siririn naɗin wayar da ke tsakiyarta. Ginin na'urar bai sauya sosai ba tun 1925, lokacin da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka bayyana shi: naɗin waya a ratar maganaɗisu, manne da faifan takarda mai tura iska gaba da baya. Asarar tana zuwa ne saboda faifan yana da nauyi, iska kuma sakayau ce, tana kauce masa kafin ya sauke mata ƙarfinsa.

Wannan lasifika mai siffar mazurari da ake ɗaurewa a kan masallatan Kanya da sauran garuruwan masarautar Zuru, wadda masu saye don jin kiɗa ba sa ko kallonta, ita ce ta magance matsalar. A ƙuntataccen maƙogwaronta iskar ba ta da wurin gudu, dole ta karɓi turin, sannan bakin ya riƙa buɗewa sannu a hankali har ya miƙa sautin ga sarari, kamar yadda kakakin sarki ke ɗaukar karkarwar leɓen mabushi ya kai ta bayan gari. Da wannan dabara abin da ke zama sauti yana ninka na sipikar akwati sau goma ko fiye, shi ya sa batirin mota guda ke isar ladan ya tada unguwa da asuba. An ruwaito cewa Masallacin Sultan na Singafo ne ya fara kiran salla da lasifika, a 1936.

Ana auna wannan baiwa da desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti, idan an ba sipika wat 1 aka saurara daga nisan mita 1. Yawancin sipikun gida suna tsakanin desibel 85 da 90. Lissafin yana da ruɗi, domin ƙarin desibel 3 yana bukatar ninka wuta sau biyu, ƙarin 10 kuma sau goma, ƙarin 20 sau ɗari. A nan ne Klipschorn take ba da mamaki, sipika mai dabarar mazurari da injiniya Paul Klipsch ya fara ƙerawa a garin Hope na jihar Arkansas a 1946, kuma har yau ba a daina ƙera ta ba. Ita tana kai desibel 105, ma'ana abin da take yi da wat 1 sai an ba sipika mai desibel 85 wat 100 kafin ta kamo ta.

Amma ƙaho, wato mazurarin, yana da tasa wahalar. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, saboda haka sauti mai kauri da ke kaɗawa sau 40 a daƙiƙa tsawon zangonsa ya haura mita 8, ƙaramin mazurari kuwa ba ya iya ɗaukarsa. Dalilin ke nan da muryar ladan ke fita tangaran, amma idan aka sa kiɗan ganga a lasifikar sai ya fito a ƙeƙashe. Klipsch ya naɗe dogon ƙahon a cikin akwatin katako, ya kuma tsara a jingina shi a kusurwar ɗaki domin bango biyu da daɓe su zama ƙarashen bakinsa, wato ɗakin mai gida ya shiga cikin na'urar. Edgar Villchur ya bi ta wata hanyar a 1954 da rufaffen ƙaramin akwati mai ba da kauri amma mai cin wuta, kuma injiniyoyi suna jingina wa Anton Hofmann ƙa'idar cewa ƙanƙanta da kauri da tattalin wuta ba sa haɗuwa su uku, sai dai a zaɓi biyu.

Ga mai saye a Kanya, wanda sola ko janareta ne madogararsa, wannan ƙa'ida ta fi sunan kamfani amfani. Dubban wat da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, musamman masu alamar PMPO, talla ce kawai, kuma ko adadin gaskiya ne yana nuna wutar da sipikar ke iya jurewa ne, ba sautin da za ta bayar ba. Wanda yake da babban falo mai kusurwoyin siminti zai iya ɗaukar babbar sipika mai desibel 95 zuwa sama ya haɗa ta da ƙaramar amfilifaya, mai ƙaramin ɗaki kuwa da ya zaɓi ɗan akwati sai ya tanadi amfilifaya mai ƙarfi da batirin da zai riƙe ta.