Alabe a Wuya, Salula a Hannu

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na musamman na yau ya yada zango a Tarka, cikin ƙasar Damargu, a gundumar Belbeji wadda aka cire daga Tanut a shekarar 2011. Abin da ya kawo mu kuwa bai fi tafin hannu ba. Alabe ne, ƴar jakar fatar nan da maza ke ratayawa a wuya.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar dabbobi a wannan yanki ya ga yadda ake yi. An daɗe ana ja-in-ja da dillali, mai raƙumi ya ce ya sallama, aka ƙirga masa kuɗi. Sai ya kai hannu ƙirji, ya riƙe tuntayen da ke reto a ƙasa, ya tura kuben fatar ya yi sama bisa igiya. Nan cikin alaben zai bayyana, baki uku ko huɗu, wani bayan wani. Ya ninke takardun kuɗin ya cusa a na can ciki, ya jawo kuben ya rufe, ya mayar ƙarƙashin riga. Babu zif, babu maɓalli, babu kwaɗo. Ɗan sane kuwa sai dai ya haɗiye miyau, domin kafin ya kai ga kuɗin sai ya ratsa ta ƙarƙashin gemun mai su.

Wani zai ce, to ai babbar riga tana da aljihu, har ma shi aka fi yi wa aiki. Gaskiya ne. Amma aljihu ne mai faɗin baki, na mai zama a zaure. Raƙumi in zai tashi ƙafafun baya yake fara miƙewa, sai ya tunkuɗo mahayi gaba, abin da ke aljihu ya zube a yashi. Haka in ka sunkuya bakin rijiya kana jan guga, haka in ka yi ruku'u. Wando mai zariya kuma dama ba a ɗinka shi da aljihu ba. Makiyayi da ɗan ayari dole suka nemi wata dabara.

Me ake zubawa ciki a da? Ɗan ganyen taba da kanwa ko tokar da ake haɗawa da ita, allura da zare, ƙyastu da ƙanƙara kafin ashana ta wadata, takardar haraji a ninke. Sai matsefata, wadda ba a wasa da ita a ƙasar da ƙarangiya ta yi wa yawa. In ka haɗa su duka ba su cika hannu ba, kuma ba su da wani nauyi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

(Ɗan kiɗa)

A wajen Buzaye, ɗinkin fata aikin matan maƙera ne. Miji na bakin maƙera yana ƙera azurfa ko yana haɗa sirdin raƙumi, matar na gefe da wuƙa da basilla tana yanka fata siri-siri, tana ɗora tsanwa bisa ja, tana tsaga tuntaye. A wajen Hausawa kuwa sana'ar dukawa ce, maza. Fatar akuya ake jemewa da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Ba yau aka fara ba. Damargu tana kan hanyar ayarin da ke tasowa daga Kano, ya bi ta Damagaram da Agadas har Tarabulus, kuma jemammiyar fata na cikin manyan kayan da ake ɗorawa raƙuma. A nan Damargu ne, cikin watan Janairun 1851, Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth ya rabu da shugaban tafiyarsu, ya nufi Tasawa da Katsina da Kano.

Dukawan da suka gabata kowace jaka sun yanka ta daidai kayanta. Gafaka ta malam ce, daidai girman Alƙur'ani. Zabira ta wanzami ce, aska da gidanta, ƙaho da nasa. Lalita ta kuɗi ce, a ƙugu take kwana. Burgami na guzuri. Ba ka taɓa ganin wanzami ya cusa fura a zabira ba.

Ba mu kaɗai muka sha matsalar rashin aljihu ba. A ƙasar Sikotilan, arewacin Birtaniya, tufar gargajiyar maza wani ɗan zane ne mai tattara da ke tsayawa a gwiwa, suna kiransa kilt, kuma ba shi da aljihu ko ɗaya. Don haka suke ɗaura wata jaka a ƙugu da ɗamara ko sarƙa, ta sauko gaba, sunanta sporran. Ta yau da kullum fata ce zalla, ta biki ana yi mata gashin dabba da bakin azurfa, ta masu busa kuma da dogon gashin doki. Gwamnatin Birtaniya ta haramta tufar a 1746, ta janye dokar a 1782, ga shi har yau da ita suke zuwa ɗaurin aure. Mai kaɗa ganga ko mai tuƙa mota yakan juya jakar gefe don kada ta dame shi. Su ma kukansu yanzu ɗaya da namu: jakar da aka yi don ƴan sulalla, yau ana so ta haɗiye waya da makullin mota.

To mu dawo Tarka. Buɗe alaben saurayi a yau ka gani. Salula mai faɗin fuska, wayar caji, katin ɗan ƙasa, makullin babur, ga sulallan dala ashirin-ashirin da ɗari-ɗari cike da ƙasan. Igiyar da aka murɗa don ɗaukar allura da taba ita ce ke riƙe da wannan duka. Kafin la'asar ta shata masa layi a ƙeya, kuben ya ƙi saukowa, ɗinki ya fara buɗe baki. Makulli ya karce fuskar salula, garin kanwa ya shige ramin caji. Daga nan sai a ce alabe kayan tsofaffi ne, a je a sayo jakar roba mai zif, wadda ƙurar hunturu ɗaya ke kashe zif ɗin.

A ganinmu laifin ba na alabe ba ne. An ɗora wa ɗan akuya kayan jaki. Wanda ke son ya yini da shi bai ji a wuya ba, ya raba kaya: sulalla su koma lalita, makulli ya samu igiyarsa daban, taba da kanwa su zauna a batta. Kuɗin takarda da kati da salula su ne na alabe, kowanne a bakinsa. In tafiyar babur ce, a zura hannu ɗaya cikin igiyar, jakar ta koma ƙarƙashin hammata, ta daina dukan ƙirji.

Sauran aikin kuma na masu basilla ne. Iyayenmu mata masu ɗinkin fata, da ku dukawan Tanut da Belbeji da Damagaram, ku karɓi salular mai saye ku auna kafin ku sa wuƙa. A ƙara wa kuben tsawo da faɗi, a yi wa salula gidanta da fata mai laushi, wurin da igiya ke zama a ƙeya kuma a faɗaɗa shi ya kai yatsa biyu. Ku kuma masu saye, in an yi muku aiki mai kyau ku biya kuɗinsa, kada ku taya shi da farashin roba.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)