Yadda bayit 10 ke zama 24 a memorin kwamfuta

Ɗauki abubuwa uku a harshen C: harafi mai cin bayit 1, lamba irin ta double mai cin bayit 8, da wani harafin. Lissafin ɗan firamare zai ce 10. Amma ka ɗaure su a ƙunshi guda, wanda masu rubuta manhaja ke kira struct, ka tambayi kwamfuta mai bit 64 girmansa, sai ta ce maka 24.

To, ina 14 suka fito? Aikin kwamfaila ne, wato manhajar da ke yi wa na'ura tafinta. Firosesa ta fi son lamba mai bayit 8 ta fara a adireshin da 8 ke rabawa daidai. Don haka bayan harafin farko sai kwamfaila ya sa cikon bayit 7, ya ƙara wasu 7 a ƙarshe, domin ƙunshin da zai biyo baya a jeri shi ma ya zauna daidai.

Abin da ke ba ni sha'awa shi ne sauƙin maganin. Sa babbar lambar a gaba, haruffan biyu su biyo ta, girman ya dawo 16. In bayanai miliyan ɗaya ne, ka tsira da bayit miliyan 8, kuma ga ƙaramar waya wannan ba abin rainawa ba ne. Galibin firosesoci kan ɗebo bayit 64 a lokaci guda: ƙunshi huɗu ke nan, maimakon biyu da ɓari.

Me ya hana kwamfaila ya gyara jerin da kansa? Ƙa'idar C, harshen da Dennis Ritchie ya ƙirƙira a farkon shekarun 1970, ta hana. Harshen Rust kuwa yana sauya jerin, sai dai in an ce masa kar ya taɓa.

Wasu kan tilasta wa GCC ya matse komai da umarnin packed. Ni dai ban cika yarda da shi ba. Firosesar Intel za ta haƙura, amma irin su SPARC kan kashe manhajar nan take idan aka nufi adireshin da bai daidaita ba.

Akwai kuma batun tsaro. Ba dole ne a share cikon ba, don haka ragowar tsohon bayani kan maƙale a ciki. Masu kula da Linux sun sha toshe irin wannan kafa, inda aka miƙa wa manhaja ƙunshi ɗauke da guntun sirrin tsarin a gurbin cikon.