Gonar Da Irmiya Ya Saya

Tsofaffi sukan ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun ga gaskiyar wannan magana da idonsu. A shekarar 1972 motocin Nijeriya suka bar hannun hagu suka koma dama. A farkon 1973 aka ajiye fam da sule aka ɗauki naira da kobo, a shekarar nan kuma fari ya ƙone amfanin gona a arewa, shanu suka yi ta mutuwa. A 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na hatsi suka tashi. Ban da waɗannan akwai sauyin da yakan shigo gida ba sallama. Maigida ya rasa aiki, 'ya'ya su watse cikin birane, uwargida ta kwanta ciwo, ko kuwa 'yan bindiga su tashi ƙauye ɗungum, masu rumbu su koma zaman haya a gari.

A irin wannan lokaci mai bi yakan tambayi zuciyarsa: Allah da muka dogara gare shi jiya, yana nan yau? Bari mu nemi amsa a wurin wani mutum wanda ya sayi gona sa'ad da kowa yake neman hanyar gudu.

Ciniki cikin kurkuku

Labarin yana cikin Littafin Irmiya sura 32. A shekara ta 10 ta sarautar Zadakiya sarkin Yahuza, sojojin Nebukadnezzar sarkin Babila sun kewaye Urushalima, ba shiga ba fita. Annabi Irmiya kuwa yana tsare a filin matsara na fadar sarki, domin ya faɗa a fili cewa za a ci birnin.

Ana nan sai Hanamel, ɗan baffansa, ya zo masa da magana. Yana da gona a Anatot, garinsu, wajen kilomita 5 daga Urushalima, yana so Irmiya ya saya. Bisa ga Shari'ar Musa, idan talauci ya sa mutum sayar da gonar gado, ɗan'uwansa na kusa ne zai fanshe ta domin kada ta fita daga dangi. Amma wane mai hankali ne zai sayi gona a ƙasar da abokan gaba suka mamaye? Ga mai saye a tsare, ga azurfa ita ce abin da mutum zai riƙe ya sayi abinci lokacin yunwa.

Ubangiji ya riga ya gaya wa Irmiya cewa Hanamel yana zuwa. Saboda haka ya auna masa azurfa shekel 17, ya sa hannu a takardar ciniki a gaban shaidu. Takardar biyu ce, ɗaya an like ta da hatimi, ɗaya a buɗe. Ya miƙa su ga Baruk magatakardansa, ya umarce shi ya sa su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe ba su lalace ba. Dalilin da ya bayar ɗaya ne: Allah ya ce wata rana za a sāke sayen gidaje da gonaki a ƙasar.

Birnin ya faɗi

Kada mu yi tsammani Irmiya ya yi wannan ciniki da sauƙin zuciya. Da ya gama sai ya shiga addu'a, ya tuna wa Allah cewa takobi da yunwa da annoba suna cin birnin, ga shi kuwa an ce masa ya sayi gona. Allah bai tsawata masa ba. Ya amsa masa cewa ba abin da ya fi ƙarfinsa. Amma bai ce zai kori sojojin Babila ba.

Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu aka fasa garun Urushalima, aka ƙone Haikali, aka kwashe mutane zuwa Babila. Daga baya waɗanda suka ragu suka tafi da Irmiya Masar ba da sonsa ba. A nan ne yawancinmu mukan yi tuntuɓe. Mukan ɗauka amincin Allah shi ne kada gidanmu ya ga sauyi. Idan aiki ya tafi ko gona ta kuɓuce, sai mu ce Allah ya juya mana baya. Irmiya bai sami alkawari irin wannan ba. Abin da aka ba shi a sura 33 shi ne, muddin mutum bai iya hana dare da rana zuwa a kan lokacinsu ba, ba mai iya warware alkawarin Allah ga jama'arsa. Mai Littafin Makoki, yana zaune a kan kufan birnin, ya shaida a sura 3 cewa kowace safiya yana tarar da jinƙan Ubangiji sabo.

A shekara ta 538 Sairus sarkin Farisa ya ba Yahudawa izinin komawa ƙasarsu. Littafin Ezra sura 2 ya ƙidaya waɗanda suka komo gari gari. Idan muka duba aya 23 za mu ga mutanen Anatot, su 128. Garin da Irmiya ya sayi gona a ciki ya sāke samun masu noma, ko da yake shi kansa bai ga ranar ba.

Me za mu yi a gidajenmu?

Manomi na ƙwarai, kome tsananin yunwa, ba ya taɓa irin da ya ɓoye. Yakan bar shi a rataye yana kallo, domin ya san damina za ta komo. Begen mai bi ke nan, yana bayyana ta wurin abin da muke yi da hannunmu. Wasiƙar da Irmiya ya aika wa waɗanda aka kai Babila, a sura 29, ta umarce su su gina gidaje, su shuka lambuna, su aurar da 'ya'yansu, su kuma yi wa birnin da aka kai su addu'a, gama zaman zai kai shekara 70.

Wannan ba ya nufin mutum ya kai iyalinsa inda ake kashe mutane domin ya gwada bangaskiyarsa. Amma a duk inda sauyi ya ajiye mu, akwai gonar da za mu saya. Kada mu fitar da yaro daga makaranta muna cewa karatu ba ya ba da aiki. Kada mu daina addu'ar iyali domin ɗakin hayan ya yi mana ƙunci. Mu nemi majami'a a sabon wurin, mu gaisa da maƙwabta ko da addininmu ba ɗaya ba ne, mu nemi zaman lafiyar unguwar. Mu da ba a tashe mu ba, mu tuna Irmiya ya kashe azurfarsa ne domin ɗan'uwansa da ya shiga matsi. Gwauruwa da maraya da ɗan gudun hijira suna cikin ikkilisiyarmu, sau da yawa ta hannunmu ne za su ɗanɗana amincin Allah.

Iyaye kuma, mu riƙa gaya wa 'ya'yanmu abin da Ubangiji ya yi mana: yadda kakanninsu suka ƙetare farin 1973, yadda aka sami kuɗin asibiti ranar da babu ko kobo a gida. Zuciyar yaro tukunya ce da takan ajiye irin wannan shaida har tsufansa.

Fiye da kome, muna da abin da Irmiya ya hango daga nesa, wato sabon alkawarin da ya ambata a sura 31, wanda Yesu ya tabbatar da jininsa. Ibraniyawa 13:8 ta koya mana cewa Yesun da iyayenmu suka bi bai sāke ba, shi ne kuma jikokinmu za su tarar. A daren yau, bayan tuwo, bari mu tara iyali mu karanta Irmiya sura 32 tare, kowa ya faɗi abu guda da Allah ya yi masa a wannan shekara, sa'an nan mu miƙa masa abin da ke ba mu tsoro.